An ce in zo a cire mini haƙora duka a dasa sababbi kafin bikin autata

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, shekarata 53, kuma shekara 8 ke nan ina fama da ciwon suga. Tun ina 'yar shekara 30 da ɗoriya dasashina ke jini idan na yi asuwaki, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Yanzu na rasa haƙora 8, wasu an cire, wasu da kansu suka fita. Na gaba na ƙasa suna girgiɗa, na sama sun buɗe sun turo waje, ga warin baki da ni kaina nake ji. Tun lokacin korona ban rabu da takunkumi ba. Mutane na zaton tsoron cuta ne, alhali kunya ce. Nama kuwa sai dai in sha romo.

Na je wani asibitin gwamnati na nemi a yi mini dashen haƙori. Likitan ya ɗauki hoto, ya ce ƙashin ya zaizaye, ba zai dasa komai ba sai an yi maganin dasashi, suga ya sauka, a ƙalla wata 6 ko fiye. Ko ɗaga kai bai yi ya dube ni ba da yake faɗa. Na fito ina hawaye. Babban yarona da ke aiki a Abuja ya samo wani asibiti a Alƙahira, muka tura musu hoton ta waya, suka ce in zo a cire sauran duka a dasa sababbi, cikin kwana 10 in dawo da haƙora reras. Shi zai biya rabi, ni kuma in sayar da filin da na gada wurin mahaifinmu in cika.

Saura wata 3 bikin autata, ba na so in tarbi baƙi da takunkumi. Maigida ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce bayan girma ya zo, in sa na roba kamar kowa, har yana cewa wa ya sani ma ko canja halittar Allah ne. Maganar ta yi mini ciwo, yau mako 2 gaisuwa kawai ke haɗa mu. In tafi ko in haƙura?

Wata uwa daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Mace ta tsaya gaban allo shekara da shekaru tana koyar da 'ya'yan mutane ta bayan ƙyalle, a yi raha a ofishin malamai ta danne dariya, a kawo nama gidan suna ta ce ta ƙoshi: wanda bai shiga ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Son da kike yi ki buɗe baki ranar bikin autarki ba rawar kai ba ce, kuma 53 ba shekarun da za a ce mutum ya gama da haƙora ba ne.

Tunda kin tambaye ni kai tsaye, ga amsa: kada ki tafi Alƙahira a watannin nan, kada ki sayar da fili yanzu. Ban ce kuma ki naɗe hannu ki zauna ba. Akwai aikin da za a yi a bakinki cikin wata 3 wanda zai iya raba ki da takunkumi kafin ɗaurin aure, kuma ba a rufe miki ƙofar dashe ba. Lokacinsa ne bai yi ba.

Abin da kika kwatanta ciwon dasashi ne da ya yi nisa. Yana farawa da wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Idan ba ta fita ba sai ta daskare ta yi tauri, ta gangara ƙarƙashin dasashi inda asuwaki da buroshi ba sa kaiwa. Jiki ya tashi yaƙarta, kuma a wannan yaƙin ne zaruruwan da ke ɗaure saiwar haƙori suke tsinkewa, ƙashin kansa ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan. Muguntarsa ita ce ba ya zafi sai can ƙarshe. Kada ki zauna zargin kanki a kan jinin da kika gani tun da daɗewa, domin haka aka tashe mu: dasashi ya yi jini a ce asuwaki ne ya yi tauri, haƙori ya fita a ce haihuwa ce ko girma. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane, wato fiye da mutum biliyan 1, suna da mai tsananin wannan ciwo. A tsarin da ƙwararru suka fitar a taronsu na Shikago a 2017 an kasa shi mataki 4, kuma wanda ya ci masa haƙora 5 ko fiye, sauran suna girgiɗa suna barin mazauninsu, yana mataki na ƙarshe. Bayaninki can ya dosa.

Shi kuwa dashe ba ya maganin wannan ciwo, giɓi kawai yake cikewa. 'Yar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom mai zare irin na noti, da ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi a madadin saiwa, a bar ta wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora mata kan haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark ne ya gano cewa ƙashi yana manne wa titaniyom, ya yi wa mutum na farko a 1965, kuma mutumin ya yi shekara 40 yana tauna da su. A bakin da yake lafiya, fiye da 9 cikin 10 na dashe suna nan daram bayan shekara 10. Sai dai duk ƙarfinsa daga ƙashi yake aro. Turke komai kyansa, idan aka kafa shi a ƙasar da ruwa ke ci, ranar da akuya ta fizga za ta tafi da shi.

Kuma ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin haƙoranki ba sa tsoron ƙarfe. Suna hawa dashe kamar yadda suka hau haƙori, dasashi ya kumbura, ƙashin da ke kewaye ya narke, sau da yawa ma da sauri fiye da yadda yake yi wa haƙorin halitta. Maganinsa ya fi wuya, ya fi tsada, kuma ba kullum yake ci ba. Wanda ya taɓa yin ciwon dasashi yana cikin waɗanda abin ya fi kamawa, musamman idan an dasa alhali akwai sauran ramuka masu zurfi da ke jini, ko kuma bayan an gama ya ɗauke ƙafa daga asibiti. Dashen da ya lalace aka cire, ramin da yake bari ya fi na farko girma. Kuɗi sun tafi, ƙashi ya ƙara tafiya.

Sai suga, wanda a layi ɗaya kika ambata amma a ganina shi ne jigon maganar. Shi da ciwon dasashi ba-ni-in-ba-ka suke yi: suga mai yawa yana hana rauni warkewa ya ƙara wa ciwon ƙarfi, shi kuma kumburin dasashi ya sa suga ya ƙi sauka. Awon tsira yatsa da safe bai isa ba. Ki nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganki ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce. A wancan tsari na 2017, mai ciwon suga da lambarsa ta kai 7 ko ta haura ana lissafa shi cikin waɗanda ciwon dasashinsu ke gudu da sauri, kuma likitoci suna so su ga lambar ta sauko wajajen nan kafin su taɓa ƙashi. Abin daɗin shi ne wanke ƙarƙashin dasashi kaɗai yakan saukar da ita da kusan 0.4 cikin wata 3 zuwa 4, kuma mai suga da ya riƙe sugansa da kyau ana yi masa dashe ya zauna. Ki duba kwanonki ma. Wanda tauna ta gagara yakan koma koko, kunu, shayi da burodi, tuwo mai laushi, dukkansu masu ɗaga suga. Ƙwai, kifi, wake da ya dahu lugub, alale, niƙaƙƙen nama da miyar ganye mai kauri ba sa neman haƙori, kuma za su fi yi miki adalci. Ki koma wa likitan da ke duba suganki a makon nan, ki gaya masa ana shirin aiki a bakinki.

Likitan farko bai kyauta ba wajen faɗa. Mutum ya zo da ciwon shekara 20 a ransa, ko ba komai a ɗaga kai a dube shi. Amma abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma mai kwaɗayin kuɗinki ba zai ce ki je sai bayan wata 6 ba. Idan zuciyarki ba za ta iya komawa wurinsa ba, ki nemi wani. Kano ba ta da nisa da ku, kuma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne Jami'ar Bayero ke horar da likitocin haƙori. Ki ce ƙwararre a ciwon dasashi kike nema. Abin da ya kamata a yi miki a zama na farko shi ne a bi haƙoranki ɗaya bayan ɗaya da wani siririn ma'auni, a auna zurfin ramin da ke tsakanin dasashi da haƙori, wuri 6 a kowane haƙori. Mai lafiya milimita 1 zuwa 3 ne, daga 6 zuwa sama kuwa ya yi zurfi. A rubuta, a haɗa da hoto, sannan a yanke wa kowane haƙori hukuncinsa: wannan zai zauna, wannan sai an gani, wannan ba shi da rabo. Ki roƙi a ba ki kwafin takardar.

Na Alƙahira kuwa, ban ce 'yan damfara ba ne. Masar na da ƙwararrun likitocin haƙori, kuma aikin da suka ambata sananne ne. Irinsa da ya fi shahara ana ce masa All-on-4, wani likita ɗan Fotugal, Paulo Malo, ya yaɗa shi: ƙusa 4 a kowane muƙamuƙi, biyun baya a karkace don a ci moriyar ƙashin gaba da ya rage, a ɗora musu jeren haƙora gaba ɗaya. Ga wanda haƙoransa duka suka mutu, rahama ce. Abin da ya tsaya mini shi ne an yanke hukuncin cire miki komai daga hoton da aka tura ta waya. Irin wannan hoton tsawon ƙashi yake nunawa, ba ya nuna kaurinsa. Sai an yi hoton CBCT, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, ake ganin kauri, da inda jijiyar leɓen ƙasa ta bi, da inda kogon iska na gefen hanci ya sauko. Ba ki kuma ce sun tambayi suganki ba. Idan duka 32 suka fito miki, 24 ke bakinki yanzu, kuma zai yi wuya a ce babu ko ɗaya mai rabo a ciki. Haƙorin da aka cire ba ya dawowa.

Ga abin da ba a cika faɗa a talla ba. Haƙoran da ake ɗorawa cikin kwana 10 na wucin gadi ne. Za ki yi watanni kan abinci mai laushi kafin ƙashi ya kama, sannan ki koma bayan wata 3 zuwa 6 a sa na dindindin: wani tikitin, wata bizar, wani masaukin, duk da kuɗin waje. Ki lissafa ki gani, ranar biki za ta faɗo tsakiyar jinya ne, lokacin da ake so ki huta ki kiyaye suga, ke kuwa kina tsakanin masu girki da 'yan kai amarya. Bayan nan ma dashe yana son mai duba shi har ƙarshen rayuwa. Noti kan kwance, haƙori kan tsage, dasashi kan kumbura. Kamfanonin da ke ƙera dashe suna da yawa, kowanne da irin makullinsa, kuma likitan da ke kusa da ke ba lalle ne yana da na wanda aka sa miki ba. Cire haƙora duka ma ba ya canja jikin da ya nuna yana da saurin kamuwa.

To me za a yi kafin biki? A fara wanke ƙarƙashin dasashi, a kankare dauɗar da ta daskare a jikin saiwoyi, da allurar kashe zafi, yawanci a zama 2 zuwa 4. Haƙora za su yi tsami na ɗan lokaci, dasashi zai ja baya idan kumburi ya sace, har ki ga kamar haƙoran sun ƙara tsawo. Kada ki firgita, alamar warkewa ce. Jini da wari su ne ke fara raguwa, cikin makonni kaɗan. Haƙoran da aka tabbatar ba su da rabo a cire su, kada ki roƙa a bar su, domin haƙori mai mugunya kullum yana nan ƙashin maƙwabtansa yake ci. Amma kafin a cire ki tambaya ko za a cika ramin da garin ƙashi nan take, saboda faɗin ƙashin wurin yana iya raguwa da kusan rabi cikin shekara 1, mafi yawa a wata 3 na farko. Na gaba na ƙasa masu girgiɗa, idan suna da sauran ƙashi, ana iya ɗaure su da juna ta baya da wata siririyar waya ko zare da ba a gani. Sannan a auna miki haƙoran roba na wucin gadi su cike giɓi. Ki matsa a gama su saura wata 1 ko fiye, domin kwanakin farko baki yana cika da yawu, harshe yana tuntuɓe, sai an koma an rage inda ke gurzar dasashi. Ki riƙa karatu da ƙarfi da su a ɗaki, ke da ma sana'arki ce. Na san ba su kika so ba. Amma na roban da aka auna da kyau, baƙuwar da ta zo yi miki Allah sanya alheri ba za ta gane ba.

Rabin aikin a gida yake. Buroshi mai laushi sau 2 a rana da makilin mai fuloraid, a karkata shi zuwa gindin haƙori, sannan ƙananan buroshin tsakanin haƙora kullum, wanda likita zai zaɓa miki girmansa. Asuwaki ki ci gaba da shi, sunna ce kuma yana tsabtacewa, sai dai ba ya shiga tsakani. Gawayi da gishiri ki bar su, saiwar da ta fito fili suke gogewa. Ruwan kurkure baki na kulohekzidin na ɗan lokaci ne, yana rina haƙori idan ya daɗe. Flagyl da 'yan'uwansa da ake saye a kemis duk sanda dasashi ya kumbura kuwa, lafawa kawai suke sa shi ya yi, ba sa cire dauɗar da ta daskare. Ki kai wa likita duk kwalayen magungunanki. Wasu magungunan hawan jini irin su amlodifin da nifedifin suna sa dasashi ya yi kauri, masu tsinka jini suna shafar cire haƙori, kuma magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba mata bayan ɗaukewar al'ada suna iya hana muƙamuƙi warkewa. Kada ki daina ko ɗaya da kanki.

Bayan wata 2 zuwa 3 za a sake aunawa, kuma daga nan ne maganar dashe za ta zama ta gaske. Idan ramuka sun rufe, jini ya tsaya, suga ya sauka, sai a yi CBCT. Inda ƙashi ya isa, a dasa. Inda bai isa ba akwai dabaru: a ƙara ƙashi a rufe da wata 'yar fata a jira wata 4 zuwa 9, ko a ɗaga ƙasan kogon iska idan turamen sama ne, ko a sa gajerun ƙusoshi. Gyaran kauri ya fi sauƙi, tsawon da ya tafi kuwa dawo da shi da wuya, don haka wanda ya yi miki alkawarin mayar da ƙashi kamar na da, ki yi hattara da shi. Daga farko zuwa ƙarshe ki sa wa ranki shekara guda ko fiye. Akwai tambayar da nake so ki yi, wadda marasa lafiyarmu ba su cika sanin ana yi ba: garin ƙashin daga ina? Akwai wanda ake ɗebowa daga jikin mutum kansa, akwai na ma'ajiyar ƙashin mutane, akwai na saniya, akwai na haɗin masana'anta, kuma wasu daga cikin fatun da ake rufewa da su daga alade ake sarrafa su. Kina da damar cewa na saniya ko na haɗi kike so, amma tun kafin ranar aiki ake faɗa.

Ba kuma kowane giɓi ne ke neman ƙusa ba. Mutum mai haƙora 20 da ke haɗuwa da juna, na gaba da na tsakiya, yana tauna ya yi magana ba matsala, kuma wannan adadin Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa shi a matsayin abin nema. Mai yiwuwa dashe 2 ko 3 a wuraren da suka dace su wadatar da ke. Mai yiwuwa haƙoran cirewa masu firam na ƙarfe, waɗanda suka fi na roba zama da sauƙin tsabta, su gamsar da ke har ki ce a bar zancen tiyata. Ko da a ce na ƙasa duka sun tafi wata rana, ƙusa 2 kacal a gaba suna riƙe jeren haƙoran cirewa su hana shi rawa, kuma ga mai tarihin ciwon dasashi abin da ake cirewa a wanke yana da fa'idarsa.

Yanzu Maigida. Kalmar "bayan girma" ta yi zafi, kuma yana da kyau ya san ta yi. Amma ki raba lafazinsa da abin da ke ƙarƙashi. Namiji ya ji matarsa mai ciwon suga za ta ƙasar waje a cire mata haƙora duka, a sayar da fili ana saura wata 3 biki, ga kayan ɗaki a gaba, tsoro na iya fito masa a siffar faɗa. A kan na roba kafin biki ma, kin ga shawararsa da tawa sun haɗu, inda muka rabu shi ne yana ganin nan ne ƙarshe. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Mako 2 ya isa. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa kin jingine tafiyar, sannan ki gaya masa abin da wataƙila ba ki taɓa faɗa ba: dalilin takunkumin, da rabonki da tauna nama. Maza da yawa suna gida ɗaya da irin wannan ba su lura ba. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ga hoton da idonsa. Wanda ya ga inda ƙashi ya kamata ya tsaya da inda ya tsaya, da wuya ya sake kiran abin kwalliya.

Batun canja halitta kuwa, malamai sun bambanta gyaran abin da ya lalace da sauya halitta don ado. Hujjar da suka fi kawowa ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Na roban da yake cewa ki sa ma ai hannun mutum ne ya yi shi. Amma kada ki mayar da wannan makamin cin gardama. Ki ce ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya ji daga can.

Yaronki kuma, Allah ya yi masa albarka. Ya ga mahaifiyarsa a takure ya nemi hanya mafi sauri, kuma idan aka ce masa a'a kawai zai ji an watsa masa ƙasa a ido. Ki ba shi aiki. Ya ɗauki nauyin matakin farko: wanki, gwaje-gwaje, na'urar awon suga da tsinkayenta, haƙoran wucin gadi, kuɗin motar Kano. Ya kuma rubuta wa mutanen Alƙahira ya tambaye su nawa suke so HbA1c ya kasance kafin aiki, me ya sa za a cire haƙoran da ba su auna ba, wane kamfanin dashe suke sawa, sau nawa za a dawo, wa zai ɗauki nauyi idan ɗaya ya ƙi kamawa. Amsarsu za ta nuna muku ko su waye. Idan suka amsa da kyau, bakinki ya warke, kuma ƙwararren da ya duba ki a gida ya yarda zai ci gaba da kula da aikin, tafiya bayan biki ba laifi ba ce. Shi da 'yan'uwansa su ma su je a duba dasashinsu, ciwon yana bin dangi. Amarya musamman, tunda juna biyu yana tayar da kumburin dasashi.

Fili naki ne, gadonki ne, ba mai hana ki sayarwa. Ni dai ina so ya zauna har ranar da kike riƙe da takarda a rubuce mai ɗauke da yawan ƙusoshi, kuɗin ƙarin ƙashi, kuɗin haƙoran wucin gadi da na dindindin, da sunan kamfanin dashen. Ki kuma tabbatar mai aikin yana da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, idan a gida za a yi. A lissafin ki ware kuɗin komawa wanki duk wata 3 zuwa 4, domin wannan ba ya ƙarewa, da dashe ko babu. Watakila ki tarar abin da ake bukata bai kai a taɓa filin ba.

Kafin ranar ganin likita, idan fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo da ciwon haƙori, ko buɗe baki da haɗiya suka yi wuya, ko suga ya hau ya ƙi sauka, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Allah ya ba ki lafiya, Malama.